Ma'anar "degraded" a akwatin NAS, da abin da ya sa sake gini ya fi mutuwar faifai haɗari

NAS ƙaramar kwamfuta ce marar allo, cike da faya-fayan ajiya, wadda ake jona wa rauta domin wayoyi da kwamfutocin gida su riƙa ajiye fayiloli a wuri guda. Ba a cika tunawa da ita ba sai ranar da ta fara kuka tii-tii, fitilar gabanta ta sauya launi, shafin sarrafa ta ya nuna kalmar Turanci guda: "degraded". Na'urorin kamfanonin Synology da QNAP, da masu amfani da manhajar TrueNAS, duk wannan kalmar suke nunawa.

Ma'anarta ɗingishi. Faifai ɗaya ya fita daga sahu, amma bayanai suna nan, ana iya buɗe su, ana iya ƙara wasu. Abin da ya ragu, ko ya tafi gaba ɗaya, shi ne kariyar da ke bayansu. Wannan daban yake da "crashed" ko "failed", inda faya-fayan da suka fita sun wuce adadin da tsarin zai iya jurewa. Mai ɗingishi yana kai wa gida. Matsalar ita ce idan ya sake yin tuntuɓe.

Kafin a gane inda haɗarin yake, sai an san RAID, wato dabarar haɗa faya-fayai da yawa su yi aiki kamar guda. Sunan ya fito ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz suka wallafa bincikensu a 1988. RAID 1 madubi ne: abin da aka rubuta a wannan faifai, shi ake rubutawa a wancan, don haka faya-fayai biyu masu terabait 4 suna ba da terabait 4 ne kacal. RAID 5 yana cinye girman faifai ɗaya don kariya, RAID 6 yana cinye biyu. Idan faya-fayai huɗu ne masu terabait 4, RAID 5 zai ba da 12 ya jure mutuwar ɗaya, RAID 6 ya ba da 8 ya jure mutuwar biyu. A ZFS, wato tsarin ajiye fayiloli da TrueNAS ke amfani da shi, takwarorinsu su ne RAIDZ1 da RAIDZ2, tsarin SHR na Synology kuma RAID 1 da RAID 5 ne aka lulluɓe don a iya cakuɗa faya-fayai masu girma daban-daban. RAID 0 ba ya ɗingishi ko kaɗan, da zarar ɗaya ya mutu komai ya tafi.

Kariyar RAID 5 ba kwafi ba ce, lissafi ne. A ce faya-fayai uku na riƙe da 1 da 0 da 1 a wani gurbi. Na huɗu zai rubuta lambar da za ta sa jimillar ta rabu biyu ba saura, a nan 0 ke nan. Idan faifan farko ya mutu, saura 0 da 1 da 0, sai na'urar ta gane cewa abin da ya ɓace 1 ne, domin da shi kaɗai jimillar za ta daidaita. Ana rarraba wannan lissafi a kan duk faya-fayan, ba a tara shi a guda ba. Shi ya sa NAS mai ɗingishi takan yi nauyi: duk abin da aka nema daga mataccen faifan sai an karanta sauran ukun an lissafo shi.

To a nan ne gizo ke saƙa. Idan aka saka sabon faifai, dole na'urar ta karanta sauran faya-fayan tun daga farko har ƙarshe kafin ta cika shi, wannan shi ne sake gini. Faifai mai terabait 8 da ake rubuta wa megabait 150 a daƙiƙa zai ci kusan sa'a 15, kuma wannan idan babu mai taɓa NAS ɗin ne. Idan ana amfani da ita, kwana biyu ba abin mamaki ba ne. Duk tsawon wannan lokaci, tsofaffin faya-fayan suna aikin da suka daɗe ba su yi irinsa ba, alhali galibi rana ɗaya aka saye su, zafi ɗaya suka sha, sa'o'in aikinsu ɗaya da na wanda ya mutu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Ba ma sai faifai na biyu ya mutu ɗungurungum ba. Takardar bayanin yawancin faya-fayan kwamfutar tebur tana cewa kuskuren karatu wanda ba ya gyaruwa ba zai wuce ɗaya ba a cikin bit tiriliyan 100, wato kimanin terabait 12.5. Sake gina RAID 5 mai faya-fayai huɗu na terabait 4 kuwa yana buƙatar karanta terabait 12. Kada lissafin ya firgita kowa, adadin iyaka ce da kamfani ya ɗauki alkawari a kai, kuma a zahiri faya-fayai sukan yi abin da ya fi haka nesa. Amma ya nuna dalilin da ya sa RAID 5 ke ƙara zama kasada yayin da faya-fayai ke ƙara girma. Da kariya na nan, gurbin da ya ƙi karantuwa sai a lissafo shi a sake rubuta shi, ba wanda zai ma sani. Lokacin ɗingishi babu inda za a lissafo shi. ZFS ya fi sauƙin sha'ani a nan: wuraren da ke da bayanai kawai yake kwafa, kuma `zpool status -v` zai faɗi sunan fayil ɗin da ya lalace.

Saboda haka aikin farko ba sayen faifai ba ne, kuma ba kashe na'urar a kunna ba ne. Tsohon faifai da ya shekara yana juyawa yana iya ƙin tashi bayan an kashe shi. A fara kwashe abin da ba shi da madadi, hotuna da takardu, zuwa wani faifai na waje tun ana iya karanta su. A dakatar da ayyuka masu nauyi irin su sauke fayiloli da naɗin kyamara. Sai a zo ga bincike.

Binciken yana da muhimmanci domin ba kullum faifan ne mai laifi ba. Kowane faifai yana ajiye rahoton lafiyarsa, wanda ake kira SMART, ana ganinsa a shafin NAS ko da umarnin `smartctl -a /dev/sda`. Lamba 5 tana ƙirga guraben da suka lalace aka maye su da na ajiya. Lamba 197 tana ƙirga waɗanda suka ƙi karantuwa ake jira a ga makomarsu, 198 kuma waɗanda suka gagara. Idan waɗannan sun bar sifili, musamman idan suna hawa daga mako zuwa mako, faifan ya kama hanya. Lamba 199 labarinta daban: tana ƙirga kurakuran da suka faru a hanya tsakanin faifai da na'ura. Idan ita kaɗai ke hawa, a duba kebul ɗin SATA ko mazaunin faifan, domin sabon faifai ma haka zai yi a wannan gurbi. Ita wannan lamba ba ta komawa sifili ko an gyara, abin lura shi ne ta daina ƙaruwa. Kalmar "PASSED" da ke saman rahoton kuwa kada a dogara da ita, faifai na iya nuna ta yana dab da mutuwa.

Idan faya-fayai biyu ko uku suka fita a daƙiƙa ɗaya, da wuya a ce mutuwa suka yi tare. A fara zargin wuta. Faifai mai inci 3.5 yana jan kusan amfiya 2 a layin bolt 12 lokacin da yake tashi, huɗu kuwa idan suka tashi tare sun kai wajen 8, kuma adaftar da ta tsufa takan gaza. A irin wannan hali bayanai galibi suna nan lafiya, tsarin ne ya warwatse. A Linux ana iya harhaɗa shi da `mdadm --assemble --force`. Umarnin `--create` kuwa ba na wannan wuri ba ne, yana rubuta sabon tsari a kan tsohon, kuma da shi mutane da yawa suke ƙarasa abin da bai mutu ba. Haka ma idan aka jona faifan NAS a kwamfutar Windows ta nemi a shirya shi ko a yi masa fomat, amsar a'a ce. Ba ta iya karanta shi ba ne kawai. A duba zafi ma, lamba 194: idan ya haura digiri 50, a leƙa fanka da ƙurar da ta toshe ramukan iska.

Idan ta tabbata faifan ne, sai a kiyaye kuskure mafi ciwo a wannan aiki, wato zare lafiyayyen faifai a bar mataccen. A RAID 5 mai ɗingishi, wannan kaɗai ya isa ya durƙusar da komai. Sunayen da Linux ke ba faya-fayai, irin su sda da sdb, suna iya sauyawa bayan an kunna na'ura, don haka ba a dogara da su. A rubuta lambar siriyal ta faifan daga rahoto, a gwada ta da wadda ke manne a jikinsa. Umarnin `cat /proc/mdstat` yana nuna alama kamar UU_U, inda gibin ke nuna wanda ya fita, kuma nan ne ake bibiyar kashi nawa aka gina.

Faifan da za a saka dole girmansa ya kai na tsohon ko ya fi shi. Sannan a tabbatar CMR ne, wato mai layukan rubutu da ba sa hawa kan juna, ba SMR ba. A faifan SMR layukan rubutu suna hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi, ta yadda gyara layi ɗaya ke tilasta sake rubuta maƙwabtansa. Ga ajiya ta yau da kullum ba laifi, amma rubutun sa'o'i ba hutawa irin na sake gini yana shaƙe shi, gudunsa ya faɗi warwas, wani lokaci har na'urar ta ɗauka ya mutu ta fitar da shi. Wannan batu ya tayar da ƙura a 2020, lokacin da aka gano wasu faya-fayan WD Red na kamfanin Western Digital masu terabait 2 zuwa 6 SMR ne, daga baya kamfanin ya ware masu CMR da sunan Red Plus. Wani bambancin faifan NAS da na tebur shi ne haƙurinsa da gurbin da ya ƙi karantuwa: na NAS yakan haƙura bayan daƙiƙa 7 ya bar RAID ya gyara, na tebur yana iya nacewa har ya wuce daƙiƙa 30 da Linux ke jira. Kafin a saka sabon, a yi masa dogon gwaji da `smartctl -t long` a wata kwamfutar yayin da ake kwashe bayanai. Sabo ma yakan zo da lahani.

Mai son ƙara girman ajiya ya san cewa ɗingishi zai jawo wa kansa da gangan. Sauya faya-fayai huɗu na terabait 4 da na 8 yana nufin sake gini sau huɗu, ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya kammala ɗari bisa ɗari kafin a taɓa na gaba. A RAID 5 da RAIDZ ba za a ga ƙarin fili ba sai an sauya na ƙarshe, lokacin ne 12 zai koma 24, a ZFS ma sai an kunna `autoexpand`. SHR ya fi rangwame: faifan farko bai ƙara komai ba, amma da an sauya na biyu fili zai tashi daga 12 zuwa 16. Kafin a fara, a sa na'urar ta yi abin da ake kira "scrub", wato ta karanta komai ta gwada shi da lissafin kariya, domin ɓoyayyun kurakurai su fito tun akwai abin gyara su. Wannan aiki ya cancanci a tsara shi duk wata, ko ba a shirin sauya komai.

Idan akwai gurbi fanko a akwatin, akwai hanyar da ta fi. A saka sabon faifan tsohon na nan a wurinsa, a yi amfani da `zpool replace` ko `mdadm --replace`, ko zaɓin sauya faifai da ke cikin DSM 7, manhajar Synology. Za a kwafe bayanai kariya na nan daram, sai an gama sannan a zare tsohon. A kuma duba iyakar na'urar kafin a kashe kuɗi: wasu tsofaffin Synology masu furosesa mai bit 32 ba sa riƙe rumbu guda da ya wuce terabait 16. Ƙara faifai guda a cikin RAIDZ da ke aiki kuwa bai samu ba sai a OpenZFS 2.3, don haka tsohuwar manhaja ba za ta yi ba. Sake gini kuma ba lokacin ɗaukewar wuta ba ne, UPS, wato na'urar batirin ko-ta-kwana, mai kebul ɗin USB da zai gaya wa NAS ta kashe kanta a tsanake yana cikin kayan aiki.

Akwai asarar da kalmar "degraded" ba za ta taɓa bayyana a kanta ba. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, RAID zai goge shi a duk faya-fayan nan take. Manhajar garkuwa da bayanai, irin DeadBolt da ta afka wa na'urorin QNAP masu buɗe ga intanet a 2022, tana kulle fayiloli alhali fitila na nuna kore. Gobara da sata da tartsatsin wuta ba sa zaɓen faifai ɗaya. Maganin waɗannan shi ne "snapshot", wato adana yanayin fayiloli lokaci-lokaci don a iya komawa gare shi, wanda tsarin ajiya irin Btrfs da ZFS ke iya yi, da kuma ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam.

Bayan gini ya kammala, fitila ta koma kore, a sake yin "scrub" sau ɗaya, a duba lambobi 5 da 197 na tsofaffin faya-fayan da suka sha wahalar, a kuma gwada saƙon gargaɗi na imel ko na waya a ga yana isowa. Tsohon faifan da aka zare a rubuta masa kwanan wata da lambar gurbinsa a ajiye shi mako biyu ko uku. Idan komai ya zauna, sai a shafe shi gaba ɗaya kafin a mayar wa kamfani don garanti ko a jefar.