Waiwaye: Ɓarakar 'yan Arewa da ƙa'idar kujeru 15 a majalisar Kamaru

Majalisar dokokin Kamaru tana da kujeru 180, kuma 51 daga ciki na yankunan Arewa uku ne: Arewa Mai Nisa 29, Arewa 12, Adamawa 10. Ƙa'idar majalisar ta ce sai 'yan majalisa sun kai 15 kafin su kafa rukuni. Shugaban rukuni ne ke shiga taron da ake tsara ajanda, kuma da sunan rukuni ake rabon lokacin magana da kujerun kwamitoci. A lissafi Arewa na iya fitar da rukuni uku, amma tun 1997 babu jam'iyyar da ke da tushe a can da ta iya kafa ko ɗaya.

A zaɓen Maris 1992, wanda jam'iyyar adawa ta SDF ta ƙaurace wa, jam'iyya mai mulki RDPC ta samu 88, UNDP ta Bello Bouba Maigari mai tushe a Arewa 68, jam'iyyar UPC 18, MDR ta Dakole Daissala 6, kuma duk shidan daga Arewa Mai Nisa. Ana bukatar 91 don rinjaye. Dakole ya kai wa shugaban ƙasa Paul Biya kujerunsa shida, aka ba shi ministan gidan waya da sadarwa, RDPC ta riƙe majalisa. Daga nan kowa ya gane cewa kujeru shida, in an sayar da su a kan kari, sun fi 68 tsada.

UNDP kuwa daga cikin gida ta tsage. A watan Nuwamba 1992 Hamadou Mustapha da Issa Tchiroma Bakary suka karɓi muƙamin minista ba da yardar jam'iyya ba. Rikicin ya kai ga jifan motar Mustapha a Marwa a Yulin 1994, aka kama magoya bayan jam'iyyar 28, 'yan majalisarta suka ƙaurace wa zama na ɗan lokaci. A Janairun 1995 aka kori mutanen biyu, ɓangarensu ya zama jam'iyyar ANDP. Daga baya Tchiroma ya kafa tasa jam'iyyar, FSNC, a 2007.

Inda aka yi kuskure shi ne waɗanda suka ɓalle, muƙami suka tafi da shi, ba su tafi da ƙuri'u ba. Tsarin zaɓen kuma ba ya yafe rarrabuwa: jerin 'yan takarar da ya haura rabin ƙuri'u a mazaɓa shi ke kwashe kujerunta duka, don haka duk tsagewar adawa riba ce ga RDPC. A 1997 UNDP ta faɗo zuwa 13, saura biyu ta cika rukuni, kuma a ƙarshen shekarar Bello Bouba da kansa ya shiga gwamnati. A 2002 kujera ɗaya tak ta samu.

A zaɓen 2020 UNDP ta samu 7, FSNC 3, MDR 2. Ko da su ukun sun haɗe, 12 ke nan, saura uku. A Yunin 2025 Tchiroma da Bello Bouba, waɗanda ke cikin gwamnati a lokacin, suka raba gari da Biya, amma kowa ya tsaya takarar shugaban ƙasa shi kaɗai.