Waiwaye: Tiyatar ƙwannafi da rigimar ma'auninta

A 1936, a birnin Istanbul, likita Rudolf Nissen, wanda ya baro Jamus saboda mulkin Hitler, ya yanke wa wani saurayi gyambo a ƙarshen bututun abinci. Gudun kada ɗinkin ya yi yoyo, sai ya jawo saman tumbi ya naɗe wurin da shi. Bayan shekaru ya lura mutumin ko ƙwannafi ba ya yi. A 1955, a Basel ta Suwizalan, ya yi wannan naɗi takanas don hana ruwan tsamin ciki hauhawa, kuma har gobe da sunansa ake kiran aikin.

Naɗin yana tare tsami, sai dai yakan matse: loma ta tsaya a ƙirji, gyatsa ta ƙi fita, ciki ya kumbura tim. Shi ya sa likitoci Dor a 1962 da Toupet a 1963, dukansu a Faransa, suka rage shi ya zama bai zagaye bututun duka ba.

To, da me za a san aiki ya yi? Da farko hoto ne da tambayar "yaya jiki?" Mara lafiya kuwa, a gaban wanda ya yi masa fiɗa, da wuya ya ce wani abu ban da "da sauƙi". A 1974 Johnson da DeMeester suka kawo awon tsami na awa 24: siririn tiyo ta hanci, mutum ya ci, ya kwana da shi. Awon kan ba da maki; wanda ya haura 14.7 na nufin tsami na hauhawa fiye da kima.

Ƙwayar omeprazole mai rage tsamin ciki ta shigo a ƙarshen shekarun 1980, a 1991 kuma Dallemagne a Beljiyam ya yi aikin ta ƙananan huji da kyamara. Nan gardama ta koma ƙwaya ko wuƙa. Binciken Spechler na 2001 a Amurka ya tarar da kashi 62 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata suna shan magani bayan kusan shekara goma. A ganina wannan ma'auni gurgu ne, don da yawa cikin masu komawa ƙwaya in an auna su ba a samun tsamin.

Gwajin LOTUS na Turai, a 2011, ya bi marasa lafiya shekara biyar: kashi 92 na masu shan esomeprazole ('yar'uwar omeprazole) da 85 na masu tiyata cutar ta lafa musu. Masu tiyatar sun fi samun raguwar dawowar abinci baki, amma kashi 11 nasu na fama da haɗiya, a kan 5 na masu ƙwaya.