Shin ba wa kare nama yana shagwaɓa shi?

An daɗe ana faɗa a Zariya wai kare ba ya sabawa da keji sai da duka, lallashinsa da nama kuwa shagwaɓa ce mai hana shi gadi. Ba haka abin yake ba. Kare yakan maimaita abin da ya jawo masa lada nan take, duka kuwa tsanar kejin yake sa masa.

Gwada da kanka: bar ƙofa a buɗe, jefa 'yar tsokar dafaffen nama ciki, ka yaba masa da ya shiga. Bayan 'yan kwanaki ka fara rufewa na ɗan lokaci, kana rage naman a hankali. Ban da tsire mai albasa fa, albasa guba ce gare shi.

Don Allah a tura wa masu kiwon kare.