Imani da Hankali: Dalilan Riƙo da Addini da Dalilan Barinsa

Imani da hankali suna ne na wata tsohuwar muhawara a falsafa da ilimin tauhidi, wadda ke bincike a kan inda ɗan Adam yake samo yaƙini: shin daga wahayi ne da abin da ya taras magabata suna kai, ko daga tunani da gwaji da abin da ido ya gani, ko kuwa daga duka biyun, kowanne a fagensa. A wannan zamani an fi kiranta takaddamar addini da kimiyya, sai dai wannan suna ya ƙuntata batun, domin muhawarar ta girmi kimiyyar zamani da ƙarnoni masu yawa, kuma akasarin waɗanda suka tafka ta masu addini ne da ke jayayya da 'yan'uwansu masu addini. Ƙididdigar da cibiyar bincike ta Pew ta Amurka ta fitar a 2012 ta nuna cewa kashi 84 cikin ɗari na mutanen duniya suna danganta kansu da wani addini, kashi 16 kuma ba sa danganta kansu da kowanne, ko da yake da yawa daga cikin waɗannan na biyun sun yarda da samuwar Ubangiji ko wani iko na gaibu.

Yadda ake samun imani

Mafi yawan mutane ba ta hanyar hujja suka shiga addininsu ba, a ciki aka haife su. Wannan ba gano na zamani ba ne. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labarin cewa tun yana matashi ya lura 'ya'yan Kirista suna tashi Kirista, 'ya'yan Yahudawa suna tashi Yahudawa, 'ya'yan Musulmi kuma suna tashi Musulmi, kuma wannan lura ce ta sa shi neman bambance fiɗirar da aka halicci mutum a kanta da aƙidar da ya karɓa daga iyaye da malamai. Malaman tauhidi sun daɗe suna tattauna matsayin imanin mai taƙlidi, wato wanda ya yarda don ya ji an faɗa ba tare da ya san dalili ba, har Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya tsananta a kan wajabcin yin nazari ga duk baligi mai hankali. Ke nan neman dalili bai fara daga abokan hamayyar addini ba.

Gado dai yana bayyana yadda imani ke farawa, amma bai isa ya bayyana abin da ke sa ya ɗore ba. A nan masu bincike sukan kawo abubuwa da dama waɗanda suke cuɗe da juna. Addini yana ba da amsa ga tambayoyin da gwaji ba ya taɓawa, kamar manufar rayuwa, da makomar mutum bayan mutuwa, da abin da ya sa mai gaskiya zai sha wuya azzalumi kuma ya ji daɗi. Yana kuma haɗa jama'a a kan ibada ɗaya da ɗabi'a ɗaya, wanda shi ne abin da masanin zamantakewa na Faransa Emile Durkheim ya fi ba wa muhimmanci a 1912. Akwai kuma abin da mai ibada yake ji a ransa na natsuwa ko na kusanci da Mahalicci, wanda ga mai shi ya fi kowace hujja ƙarfi, ko da kuwa ba zai iya miƙa shi ga wani ba. A 2004 Pippa Norris da Ronald Inglehart sun kawo bayanin cewa riƙo da addini yakan yi ƙarfi a inda rayuwa ke cikin barazanar talauci da cuta da yaƙi, ya kuma sassauta a inda mutane suka samu tabbacin magani da abin rufin asiri; sai dai Amurka ta daɗe tana ba wannan bayani wahala, kasancewarta ƙasa mai arziki kuma mai yawan masu ibada. Masana halayyar ɗan Adam kuma sun lura cewa ƙananan yara suna saurin ɗaukar cewa kowane abu an yi shi ne don wata manufa. Mai imani yana ganin fiɗira a cikin wannan sakamako, wanda bai yi imani ba kuwa yana ganin ɗabi'ar ƙwaƙwalwa ce kawai, alhali sanin abin da ya jawo wata aƙida ba ya tabbatar da ita, ba ya kuma rushe ta.

Hujjojin hankali sukan zo daga baya, don ƙarfafa abin da aka riga aka riƙe. Malaman ilimin kalami, wato masu kare aƙidar Musulunci da hujjojin hankali, sun kafa hujja da cewa duniya fararriya ce, kuma duk fararre yana buƙatar wanda ya farar da shi. Ibn Sina, masanin falsafa Musulmi, ya bi ta hanyar bambance mai yiwuwar samuwa da wanda samuwarsa tilas ce, wato Ubangiji. Thomas Aquinas, malamin tauhidin Kirista wanda ya rasu a 1274, ya jera hanyoyi biyar na tabbatar da samuwar Ubangiji, Blaise Pascal, masanin lissafi na Faransa, kuma ya ce tun da hankali ba zai yanke hukunci ba, mai lissafi zai zaɓi imani, domin ribarsa ba ta da iyaka, asararsa kuwa ƙalilan ce.

Dalilan masu barin addini

Waɗanda suka fifita hankali da kimiyya ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai mulhidi, wanda ya ce babu abin bauta. Akwai wanda ya ce ba a iya sani, matsayin da Thomas Huxley na Ingila ya raɗa wa suna a 1869. Akwai kuma wanda ya daina zuwa wurin ibada ba tare da ya yanke wani hukunci ba. Babbar hujjarsu ita ce gwargwadon dalili gwargwadon yarda, kuma a ganinsu kimiyya ta cancanci amana saboda tana ba da damar a gwada da'awarta a kuma gyara kuskurenta. A kan wannan tushe masanin falsafa David Hume ya yi jayayya a 1748 cewa kuskuren mai ba da labarin mu'ujiza ya fi saurin aukuwa a kan karyewar al'adar halitta.

Sai matsalar sharri da wahala, wadda ta fi taɓa zuciya. Girgizar ƙasar da ta rushe birnin Lisbon na ƙasar Portugal ranar 1 ga Nuwamba 1755, a safiyar wani idi na Kirista lokacin da majami'u suke cike, ta hallaka dubban mutane, ta kuma sa masana irin su Voltaire na Faransa tambayar yadda za a daidaita irin wannan bala'i da rahama da iko. Yawan addinai da saɓaninsu shi ma dalili ne a wurin wasu, haka ma munanan ayyukan wasu shugabannin addini. Bayan 1859, lokacin da Charles Darwin ya bayyana ra'ayinsa na sauyawar halittu sannu a hankali ta hanyar zaɓin yanayi, hujjar cewa kyawun tsarin jikin dabbobi yana nuna samuwar Mahalicci ta rasa ƙarfin da take da shi a wurin masana da yawa. Abin lura shi ne rashin addini ma ana gadonsa: gwamnatin Albaniya ta haramta ibada a 1967, yankin tsohuwar Jamus ta Gabas kuma har yau yana cikin wuraren da addini ya fi rauni a duniya, saboda iyayen da aka raba da majami'a ba su da abin da za su miƙa wa 'ya'yansu.

Shin kimiyya kishiyar addini ce?

Labarin cewa addini da kimiyya sun daɗe suna yaƙi ya yaɗu ne ta hannun marubuta biyu na Amurka, John Draper a 1874 da Andrew White a 1896, kuma yawancin masana tarihin kimiyya na yanzu suna ganin an yi ƙari a ciki. Gaskiya ne cocin Katolika ta hukunta Galileo a 1633 saboda ya ce duniya ce ke kewaya rana. Amma Ibn Haisam, wanda ya kafa binciken haske a kan gwaji, Musulmi ne mai riƙo. Gregor Mendel, uban ilimin gadon halitta, malamin coci ne. Haka ma Georges Lemaitre na Beljiyam, wanda ya kawo bayanin faɗaɗar sararin samaniya a 1927. Binciken da James Leuba ya yi a 1914 ya samu kusan huɗu cikin goma na masana kimiyyar Amurka sun yi imani da Ubangiji mai amsa addu'a, da aka maimaita shi a 1996 kuma adadin bai sauya sosai ba, ko da yake a tsakanin manyan masana na ƙoli ya faɗi ƙasa ƙwarai.

Ƙoƙarin sulhu ya ɗauki siffofi daban-daban. Ibn Rushd na Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya ce gaskiya ba ta karo da gaskiya, don haka idan tabbatacciyar hujja ta saɓa wa zahirin nassi, sai masana su yi wa nassin tawili. Gazali, duk da sukar da ya yi wa masana falsafa, ya gargaɗi masu ƙaryata lissafin husufin rana da na wata da sunan kare addini cewa cutar da shi suke yi. Ibn Taimiyya ya ce hankali lafiyayye ba ya saɓa wa nassi ingantacce, sai dai shi ya ɗora zargin saɓani a kan hujjojin masana falsafa. A 1997 masanin halittu Stephen Jay Gould ya ba da shawarar a raba fage, kimiyya ta riƙe bayanin yadda abubuwa suke gudana, addini ya riƙe ma'ana da ɗabi'a. Wannan rabo bai gamsar da ɓangarorin biyu ba: masu addini da yawa sun ƙi yarda a raba su da batun mu'ujiza da asalin ɗan Adam da tashin ƙiyama, waɗanda da'awa ce a kan abin da ya faru ko zai faru, masu ra'ayi irin na Richard Dawkins, masanin halittu mai sukar addini, kuma sun ce duk da'awar da ta shafi abin da ke aukuwa a duniya, kimiyya tana da hurumin bincika ta.