Ƙiba bayan barin taba

Ƙiba bayan barin taba ita ce ƙaruwar nauyin jiki da ke samun yawancin waɗanda suka daina shan sigari, galibi a watanni ukun farko. A matsakaici mutum kan ƙara kilo 4 zuwa 5 cikin shekara guda, amma jiki ya bambanta: wani ya haura kilo 10, wani ya tsaya yadda yake, akwai ma masu ramewa. A Yamai ba kasafai wannan ƙiba ke tayar da hankali da wuri ba, domin jama'a na yi mata kallon alamar samu da kwanciyar rai. Sai ciki ya fito, wando ya matse, sannan a fara tunani, wasu har su koma wa tabar da sunan neman ramewa.

Tushen abin shi ne nikotin, sinadarin da ke kama mai shan taba. Yana danne yunwa, yana kuma sa jiki ya ƙona abinci da ɗan sauri. Da zarar an daina, yunwa ta dawo, ƙonawar ta ragu, harshe da hanci su warware cikin ƴan kwanaki, abinci ya ƙara daɗi. Ga kuma sabo: hannu da baki da suka saba da kara sai sun nemi madadi.

Wannan madadi ne ke kawo mafi yawan nauyin. A fada, inda samari da magidanta ke kwana hira, sigari da shayi tafiyarsu ɗaya, kuma wanda ya ajiye ɗaya yakan ninka ɗayan. Shayin ana dafa shi zagaye uku, kowane da sukarinsa, ga ƙosai, fanke, soyayyar doya da lemon kwalba a kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da abinci ke bai wa jiki a yini, wato kusan giram 50, ko ƙaramin cokali 12, ga babban mutum. Mai zaman fada da ya sha fura da sukari da rana zai iya wuce wannan iyaka tun kafin isha'i.

Abincin da ke tsare nauyi kuwa ba baƙo ba ne a garin. Tuwon hatsi ko na dawa, wake, dambu da kwaɗon zogale suna riƙe ciki fiye da farar shinkafa da burodi, muddin ba a tsula musu mai ba. Lambunan bakin kogi na kawo salak, kabeji, karas da tumatir a lokacin sanyi, albasar Galmi kuma na zuwa daga jihar Tawa. Ma'aunin hukumar shi ne giram 400 na ganye da ƴaƴan itace a yini, gishiri ƙasa da giram 5, kuma a lissafa har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Motsa jiki minti 150 a mako ya wadatar a matsayin mafari; a watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, bayan asuba ne lokacin tattaki.

Likitoci sun fi son a fara da barin tabar, a bi da nauyi daga baya, domin haɗa ƙishin nikotin da horon yunwa kan kayar da mutum. Ƙishin ya fi tsanani a makon farko, ya lafa cikin makonni 2 zuwa 4. Ƙarin ƴan kilo bai kai ko kusa da illar hayaƙi ba: bayan shekara guda da dainawa haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya na raguwa da kusan rabi, na sankarar huhu kuma bayan shekara 10. Cingam da filastar nikotin na sassauta ƙishin, suna kuma jinkirta ƙibar. Taba gari da ake cusawa a baki da kanwa ba mafita ba ce, nikotin ɗin ne dai, ga haɗarin sankarar baki.

Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, ta kuma kafa dokarta a watan Mayu na 2006, wadda ta hana talla da shan taba a wuraren taruwar jama'a. Sai dai har yanzu ana sayar da sigari kara-kara a teburan unguwa, sau da yawa dab da mai shayi.