Waiwaye: Daga taɓa kunne zuwa gwajin shiga nazare

Duk shekara idan watan Satumba ya gabato, iyaye a unguwannin Agege da Idi-Araba da Mile 12 na Legas sukan kai 'ya'yansu masu shekara huɗu ko biyar makarantun kuɗi, inda malama za ta zaunar da yaro ta tambaye shi sunansa da Turanci, ta sa shi ƙirge, ta nuna masa launuka, kafin a yanke ajin da za a sa shi. Dattawanmu da suka shiga firamare a zamanin shirin ilimi kyauta na 1976 sun san wani ma'auni dabam. A lokacin takardar haihuwa ba ta yawaita ba, sai a ce yaro ya ɗaga hannu ta saman kansa ya taɓa kunnen ɗaya ɓangaren. Wanda ya taɓa ya shiga, wanda hannunsa bai kai ba sai baɗi. A makarantar allo kuwa, malam yakan duba ko bakin yaro ya buɗe har zai iya maimaita abin da aka biya masa.

Shi kansa ajin share fagen, wato nazare, daga Jamus ya samo asali, domin Friedrich Fröbel ne ya raɗa masa suna Kindergarten a 1840, wato lambun yara, kuma wasa da waƙa ne ginshiƙinsa, babu zancen jarrabawa. Awon ya bunƙasa ne a Amurka. Arnold Gesell na Jami'ar Yale ya shafe shekaru yana nazarin matakan girman yara, kuma daga aikinsa aka gina gwaje-gwajen da makarantu suka riƙa amfani da su wajen cewa wane ya nuna, wane kuma a bar shi gida ya ƙara shekara. Tunanin shi ne shiri yana zuwa da kansa kamar nunar 'ya'yan itace. Daga baya masana suka soki wannan hanya, ganin cewa hankalin ƙaramin yaro ba ya tsayawa wuri ɗaya, abin da ya kasa yau yana iya yin sa jibi, sannan yaran da aka fi mayarwa gida su ne 'ya'yan talakawa, waɗanda suka fi kowa buƙatar makarantar.

Bayan taron da Shugaba George Bush babba ya yi da gwamnoni a 1989, Amurka ta sa wa kanta burin cewa zuwa shekarar 2000 kowane yaro zai fara makaranta a shirye. Kwamitin da ya bibiyi burin ya faɗaɗa ma'anar shiri, ya haɗa da lafiyar jiki, da mu'amala da sauran yara, da sha'awar koyo, da harshe, da fahimta. A Kanada kuma, Jami'ar McMaster ta fito da ma'aunin da malamai ke cikewa domin gane halin da yaran unguwa guda suke ciki, ba domin tace yaro ɗaya ba. Irin wannan hanya UNICEF ta bi bayan muradun ci gaba mai ɗorewa na 2015, inda ake yi wa uwa tambayoyi 20 game da ɗanta mai shekara 2 zuwa 4.

A Najeriya, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince da karatun share fage amma ta bar yawancinsa a hannun masu zaman kansu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya shi cikin ilimin tushe, sannan bugun manufar na 2013 ya tanadi shekara guda kafin aji ɗaya. Sai dai a Legas, inda ƙidayar 2010 zuwa 2011 ta gano makarantun kuɗi fiye da 12,000, kusan kowace makaranta da nata gwajin.

A nan ne matsalar yaron Bahaushe take, a ganina. Yaron da ya tashi a Agege yana jin Hausa a gida, yana sayo wa mahaifiyarsa barkono da Yarbanci, yana wasa da tsaransa da Turancin buroka, wataƙila ma ya haddace Fatiha da ƙananan surori. Idan baƙuwar fuska ta tsare shi da tambaya cikin Turanci, sai ya sunkuyar da kai, ga kunyar da aka tarbiyyantar da shi a kanta a gaban manya. Malama ta rubuta cewa bai shirya ba, alhali abin da ta auna shi ne Turancinsa da rashin jin nauyin baƙo. Uba kuma, saboda tsoron kada a mayar da ɗansa baya, sai ya ɗauko mai koyarwa a gida ya dasa wa ɗan shekara uku fensir a hannu tun yatsunsa ba su ƙarfafa ba, kuma kuɗin darasin yana fita ne daga aljihun da zai biya kuɗin zango.