Masu son fara ƙyanƙyasar kaji a Maradi, ga amsoshinku

Kwana nawa ƙwai ke yi a injin ƙyanƙyasa?

Na kaza 21. Na zabuwa 26 zuwa 28. Wannan tambayar ta ishe ni haka.

In sayi ƙwan kiret a kasuwa in zuba?

A'a. Kajin gidan gona masu ƙwai ba a haɗa su da zakara, ƙwansu na soyawa ne. Nemi wanda ke da zakara ɗaya kan kaji takwas zuwa goma, kuma kada ƙwan ya wuce kwana 7 da sakawa. Kar ka wanke shi.

Wane inji ya fi kyau?

Kullum da wannan ake fara zuwa mini, alhali ita ya kamata ta zo ƙarshe. Malam, ina wutarka? Ina wanda zai riƙa kawo maka ƙwai duk mako? Mutum ya sayi inji mai cin ƙwai dubu, a unguwarsu ɗari ma ba ya iya tarawa. Fara da ƙarami, ka koyi hannu.

In NIGELEC, kamfanin wutar lantarkin Nijar, ta ɗauke wuta, ƙwan ya mutu ke nan?

To, nan sai a zauna. Ya danganta da lokacin shekara, da kwanakin ƙwan, da girman injin. Zafin da ake so digiri 37.5 ne zuwa 37.8. A hunturu, Disamba da Janairu, sanyin dare ne abin tsoro: kar ka buɗe murfi, lulluɓe injin da bargo amma ka bar kafar iska, in da hali ka jingina kwalaben ruwan ɗumi. Awa biyu ko uku yawanci ba sa kashe ɗan tsako, sai dai ƙyanƙyasar ta ɗan makara. A bazara kuwa, Afrilu da Mayu, zancen ya juya. Ɗaki mai rufin kwano yana haura digiri 40, kuma zafi ya fi sanyi saurin kisa. Ƙwan da ya wuce sati biyu shi ma yana fitar da nasa zafin, fanka na tsayawa sai ya taru a ciki. A nan ɗan buɗe ƙofa ne mafita, bargo kuwa ajali ne. Ban ce duka za su tsira ba. Wani lokacin ka yi komai daidai, rabi ya zama bara-gurbi. Wanda ya ga yadda wuta ta yi bayan Najeriya ta yanke wadda take ba Nijar a Agustan 2023 ba sai an ce masa ya tanadi sola da batir ko gurup, wato janareta, ba. Ni dai da kuɗin batir nake fara lissafi.

Juyawa fa?

Sau uku a yini aƙalla, in injin ba ya juyawa da kansa. In na kaza ne, ranar 18 ka daina, ka ƙara ruwa a tiren ruwan injin.

Na haska ƙwan da tocila ranar 7, cikin wasu fari fat.

Kwantar da hankalinka, 'yar uwa, kowa na samun haka. Mai jijiyoyin jini shi ne mai rai. Fitar da sauran. In sun yi yawa, mai kawo miki ƙwai za ki tuhuma.

Sun fito, sai kasuwa?

Da ma tun ranar da ka zuba ƙwai ya kamata ka san mai saye, ko a Tibiri yake ko Madarunfa. Ɗan tsako kullum ci yake, kuɗinka yake ci. Kuma ka je wurin likitan dabbobi a yi musu rigakafin cututtukan kaji na Newcastle da Gumboro, don in suka mutu a hannun mai saye ba zai sake dawowa ƙofarka ba.